Gaskiya ko Jita-jita: Lambar da Ka Tura wa Mutum-mutumi Ita Ke Isa Gare Shi?

A masana'antu da yawa, hannun mutum-mutumin da ke walda ko ɗaukar kaya ba shi ke gano inda abu yake ba. Kyamara ce ke gani, kwamfuta ta yi lissafi, sannan ta tura masa lambobi ta soket, wato mahaɗar da manhajoji biyu ke magana ta cikinta. A wannan ɗan tsakanin ne sababbin injiniyoyi suka fi tafka kuskure, saboda wasu maganganu da kowa ya ɗauka gaskiya ne.

Wadda ta fi yawo ita ce wai lamba lamba ce, in ka tura 1 to 1 za ta isa. Jita-jita ce. Soket bai san lamba ba, bayit kawai yake ɗauka. Kwamfuta mai firosesar Intel ko AMD ƙaramin bayit take sakawa a gaba, alhali a ƙa'idar intanet babban ne ke gaba, kuma haka mutum-mutumin kamfanin Universal Robots na ƙasar Denmak yake fitar da bayanansa ta ƙofa mai lamba 30003. Muddin ɓangarorin biyu ba su daidaita ba, 1 da aka ajiye a bayit huɗu sai ta koma 16,777,216.

Sai wasu su ce ai da sauƙi, a tura lambar a rubuce kamar saƙon waya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin rubutu ya fi sauƙin bincike idan abu ya lalace. Amma shi ma da nasa tarkon. Umarnin Universal Robots na karanta irin waɗannan lambobi yana son su a cikin baka, da waƙafi a tsakaninsu. To kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, ko da Jamusanci, 0,4 take rubutawa maimakon 0.4, kuma wasu manhajojin wannan saitin suke bi. Ka ga lambobi uku sun zama shida. A harshen RAPID na kamfanin ABB kuwa, jimlar rubutu ba ta wuce haruffa 80.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce ta TCP, wato ƙa'idar da soket ke yawan bi wajen aika bayit, domin har ƙwararru tana kayarwa: wai saƙo ɗaya ka tura, saƙo ɗaya za a karɓa. Tun da aka tsara TCP a 1981, alƙawarinsa shi ne bayit za su iso a jere, wanda ya ɓace a sake turo shi. Bai taɓa alƙawarin kiyaye iyakar saƙo ba. Kamar ka zuba ruwa bokiti uku a bututu ne. Mai tara a ɗaya bakin ba zai san inda bokitin farko ya ƙare ba. Saboda haka 125.50 tana iya isowa kashi biyu, 12 sannan 5.50, ko saƙonni biyu su manne. Abin da ke ruɗar mutane shi ne a ɗakin gwaji komai lafiya lau yake tafiya, sai layin ya cika da aiki matsalar take ɓullowa. Maganinta tsoho ne: a sa alamar ƙarshen saƙo, ko a fara faɗin tsawonsa, mai karɓa ya jira har ya cika.

TCP bai kuma yi alƙawarin lokaci ba. Shi ya sa tsarin RSI na kamfanin KUKA na Jamus, wanda ke gyara tafiyar hannu kowane kashi 4 ko 12 cikin dubu na daƙiƙa, da UDP yake aiki, wata ƙa'idar da ba ta tsayawa sake turo abin da ya ɓace. A irin wannan aiki, gara lamba ta ɓace da ta iso a makare.

Ko da lambar ta isa daidai, da sauran rina a kaba. Universal Robots da mita da radiyan yake awo. ABB da KUKA da milimita. Ka tura 0.5 kana nufin rabin milimita, mutum-mutumin Universal Robots ya fahimci rabin mita. Wannan ya fi haɗari a kan lambar da ta haukace gaba ɗaya, domin waccan lambar, na'urar za ta ƙi ta, amma rabin mita hannun yana iya kaiwa, kuma zai tafi.

Batun cewa ba mai iya kutse tunda wayar a cikin masana'anta take, shi ma bai tsaya ba. A 2017 masu bincike na Trend Micro da jami'ar Politecnico ta Milan sun nuna yadda za a iya yi wa mutum-mutumin ABB samfurin IRB 140 kutse daga nesa a karkatar da aikinsa.

Mai karatu, in aikin nan ya zo hannunka, sa shirin da ke cikin mutum-mutumin ya ƙirga lambobin da suka iso, ya ƙi duk wadda ta fita daga iyakar wurin aiki. Gwajin farko kuma ka yi shi a mafi ƙarancin gudu, hannunka a kan jan maɓallin tsayarwa.