SANA'AR MAN GYAƊA DA ƘULI-ƘULI: ABIN DA DOKA TA KE BUKATA

Ya ku manoma, da dagatai, da masu unguwanni, wannan takarda dominku a ka yi ta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma kai labarin cikin gida, gama mata su ne masu wannan sana'a tun fil azal.

Kowa ya san gyaɗa ita ce ta ɗaukaka sunan Kano. Jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911, daga 1912 kuwa a ka shiga fitar da gyaɗa zuwa ƙasashen Turai, har a ka riƙa tara buhuna dala-dala. Fari da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 su ka rushe wannan ciniki. To, yau ribar manomi ba ta ga ɗanyar gyaɗa kaɗai ba. Wanda ya matse mai, ya soya ƙuli-ƙuli, ya ci riba biyu daga buhu guda. Amma fa abin da za ya shiga cikin mutane akwai doka a kansa, dokar nan kuwa tun daga gona a ke fara kiyaye ta, ofis ƙarshenta ne.

1. GUBAR DA IDO BA YA GANI

Akwai wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara in sun sha laima. Ita ce ke haifar da guba wadda masana su ke kira afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, sa'ad da talotalo fiye da 100,000 su ka mutu a Ingila don sun ci abincin da a ka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. A 2004 kuma mutum 125 su ka rasu a Kenya saboda cin masara mai wannan guba. Kaɗan-kaɗan da mutum ke ci yau da gobe ya kan ɓata hanta, har ya jawo ciwon daji, ya kan kuma tauye girman yara.

Ku lura da wannan da kyau: suya ba ta kashe gubar. Yawancinta cikin tunkuza ta ke zama, watau cikin ƙuli-ƙulin da yara ke saye da yamma. Saboda haka:

A tone gyaɗa da zarar ta nuna, kada a bar ta ta daɗe a ƙasa, kada kuma fartanya ta fasa ɓawon.

A shanya ta bisa tabarma ko tamfol, ba bisa ƙasa ba, har sai in an girgiza an ji ƙwayar tana kaɗawa cikin ɓawo.

Kada a yayyafa mata ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa, ko don ta yi nauyi a sikeli.

A jera buhuna bisa katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo.

Kafin suya a tsince ƙwayar da ta yanƙwane, da wadda ta canja launi, da wadda ƙwaro ya huda. A binne su, kada a ba kaji ko shanu, gama gubar ta kan biyo madara.

Akwai kuma wani magani mai suna Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar. A kan watsa kilo 10 a hekta guda tun gyaɗa na gona. Malamin gona za ya nuna muku lokacin watsawa.

2. ƘARAMAR HUKUMA DA DUBA-GARI

Ƙofar farko ita ce sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Duba-gari na da ikon shiga inda a ke yin abincin sayarwa, ya duba, ya ba da izini ko ya hana. Abin da ya ke nema ba mai tsada ba ne: wurin aiki ya yi nisa da masai da turken dabbobi da juji, ruwa ya zama mai tsabta, tukwane da kwanuka su kasance a rufe, masu aiki su wanke hannu da sabulu, su yanke farce, su ɗaura kallabi. A kan kuma bukaci masu taɓa abinci su je asibiti a gwada su, a ba su takardar shaidar lafiya. Mai zawo, ko tari mai tsanani, ko gyambo a hannu, ya dakata har ya warke.

Kada a zuba mai a jarkar da ta taɓa ɗaukar kananzir ko maganin feshi, ko da an wanke ta sau goma. Kowane kuɗi kuwa da ka biya, na kasuwa ko na izini, ka karɓi rasit, ka adana.

3. SUNAN SANA'A

Mai ciniki da sunansa na gaskiya doka ba ta tilasta masa rajistar suna ba. Amma wanda ya raɗa wa sana'arsa wani suna dabam, tilas ya yi rajista da hukumar kamfanoni, watau CAC, cikin kwana 28 da fara ciniki. Takardar nan ita ce a kan nema in za a buɗe asusun sana'a a banki.

4. IN ZA A ƘULLE KAYA A KAI KANTI

Sayar da mai da kwalba a bakin ƙofa ga maƙwabta dabam ne, ɗura shi a gora a liƙa takarda a aika birni dabam ne. Na biyun nan yana hannun NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna wadda a ka kafa a 1993. Abincin da a ka ƙulle don sayarwa ba shi da izinin shiga kasuwa sai da lambarta. Ma'aikatanta su kan zo su duba wurin aiki, su ɗebi samfuri su kai ɗakin gwaji. A nan ne gyaɗar da a ka shanya a ƙasa za ta tona asirin mai ita. In kaya sun ci gwaji sai a ba da lamba, wadda a ke sabuntawa bayan shekara 5.

Takardar da ke jikin kaya lalle ta nuna sunan abincin, da abin da a ka haɗa shi da shi, da nauyinsa, da sunan mai yi da mazauninsa, da ranar yi, da ranar da za ya daina amfani. Tun 2002 kuma doka ta ce man girkin da a ke ɗurawa don kasuwa a ƙara masa bitamin A, saboda lafiyar idon yara. Wanda ya ari lambar wani ya buga a kayansa ya yi babban laifi, a kan kwashe kayan, a kuma gurfanar da shi.

Mutum guda ya kan ga abin ya fi ƙarfinsa. Amma mata goma ko ashirin in su ka haɗu su ka kafa ƙungiyar gama kai, ɗaki guda, da injin guda, da rajista guda sun ishe su.

5. GA DAGATAI DA MASU UNGUWANNI

Ku ne idon jama'a. Ku sa a yi shela kan shanya lokacin kaka. Ku hana kawo jiƙaƙƙiyar gyaɗa kasuwa. In duba-gari ya zo ku raka shi, don mutane su san gyara ya kawo shi. Wanda ya nemi kuɗi ba rasit kuwa, ku kai maganarsa gaba.

Kai kuma mai niyyar sana'a, fara da buhu guda. Rubuta abin da ka kashe wajen gyaɗa, da itace, da niƙa, da gishiri, sa'an nan ka rubuta kwalba nawa ka samu, da kuɗin ƙuli-ƙuli. Bayan buhu uku littafinka za ya gaya maka ko ka ƙara jari ko ka dakata. Kafin ka kai kaya kasuwa kuma, tambayi kanka ko za ka yarda ɗanka ya ci daga cikinsu. In ba za ka yarda ba, kada ka sayar wa ɗan wani.