Wa Ya Kamata Ya Biya Kuɗin Binciken Aikin Gona?

Kafin sabon iri ya iso hannun manomi, masana kan shafe shekaru suna gwaji a ɗakin bincike da kuma gonaki. Wannan aiki yana cin kuɗi ainun, shi ya sa ake ta muhawara a kan wanda ya dace ya ɗauki nauyinsa, gwamnati ko kamfanoni.

Masu goyon bayan kamfanoni sun ce kuɗin gwamnati kan makara, alhali damina ba ta jiran kowa. Idan kuɗin gwaji bai fito ba sai bayan shuka ta wuce, an yi asarar shekara guda ke nan.

Sai dai kamfani riba yake nema. Don haka ya fi karkata ga iri kamar masara mai aure, wadda dole manomi ya sayi sabon irinta kowace damina. Gero da dawa da acca, waɗanda manomi ke ajiye irinsu a rumbu, ba su cika jan hankalin ɗan kasuwa ba. Idan gwamnati ta janye hannu, binciken cimakar talaka ne zai fara durƙushewa.

Waken SAMPEA 20-T ya nuna yadda ɓangarorin biyu ke haɗuwa. Kamfanin Monsanto ne ya bayar da ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar nan mai huda kwanson wake, ta hannun gidauniyar AATF, ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba. Masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka fara gwada shi a shekarar 2009, aka sake shi ga manoma a 2019. Da wannan wake feshi biyu kan wadatar, maimakon shida zuwa takwas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma cibiyar gwamnati ce ta riƙe aikin tsawon shekara 10.

A Maputo, cikin 2003, shugabannin Afirka sun yi alƙawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Cika wannan alƙawari zai ba cibiyoyinmu ƙarfin zaɓar abin da za su bincika.

Malamin gona ya riƙa isar da koken manoma ga masana. Manomi kuma, kafin ya karɓi sabon iri, ya tambayi inda aka gwada shi, da ko zai iya ajiye shi don baɗi.