Guzurin da Jariri Ke Samu Idan Uwa Ta Yi Korona

Jariri yakan zo duniya jikinsa bai iya yaƙi da cuta sosai ba, don haka da guzurin uwa yake fara rayuwa. Idan mai ciki ta kamu da korona, jikinta yakan ƙera sinadaran garkuwa masu gane ƙwayar cutar. Irin da likitoci ke kira IgG yakan bi ta mabiyiya ya shiga jinin ɗan da ke ciki, galibi a watanni ukun ƙarshe.

A 2020 likitoci a birnin Filadelfiya na Amurka sun auna jinin mata 83 masu wannan garkuwa, suka same ta a jinin cibiyar jarirai 72. Sun kuma lura cewa idan da tazara tsakanin kamuwa da haihuwa, rabon jaririn ya fi yawa.

Amma guzuri ƙarewa yake yi. Wani bincike daga Boston a 2022 ya nuna cewa a wata na shida, jariri 1 cikin 12 na matan da suka yi cutar ne ke da saura, alhali 16 cikin 28 na waɗanda aka yi wa rigakafi suna da ita. Ga shi kuma cutar takan jawo haihuwar bakwaini. Ashe allura ta fi jinya riba.

Nonon uwa ma yana ɗauke da garkuwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu jego su ci gaba da shayarwa ko da sun kamu.