Sukkiyawa: 'yan leƙen hamada da suka bi Fir'auna zuwa Urushalima

Wajen shekara ta 925 kafin haihuwar Annabi Isa, Fir'auna Sheshonk na ɗaya, wanda Baibul ke kira Shishak, ya kai yaƙi ƙasar Yahuda a shekara ta biyar ta mulkin Rehobowam, ɗan Sulaimana. Littafin Tarihi na biyu, sura 12, ya ce ya zo da karusai 1,200 da mahaya 60,000, kuma ya lissafa mutanen da suka biyo shi daga Masar: Libiyawa, Kushawa na Sudan ta yau, sai wasu da ake kira Sukkiyawa. Wannan suna sau ɗaya tak ya fito a Baibul gaba ɗaya.

Tun da daɗewa sunan ya rikita mutane. Yahudawan Iskandariya da suka mayar da littafin zuwa Girkanci sun fassara shi da kalmar da ke nufin mazauna kogo. Sai da aka iya karanta rubutun Masar na dā aka samu bakin zaren: akwai wasu mutane da Misirawa ke kira Tjukten, masu alaƙa da Libiya da hamadar yamma, waɗanda Fir'aunoni ke ɗauka aikin leƙen asiri da sintiri. Masana da dama, har da Kenneth Kitchen na Ingila, suna ganin su ne Sukkiyawa.

Bayanin ya zauna, domin shi kansa Sheshonk jinin Libiya ne, daga ƙabilar Meshwesh. Sarkin da zai ratsa Sina'i da dubban dawakai dole ya nemi waɗanda suka saba da ƙishirwa da karatun sawu a yashi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, an rubuta Littafin Tarihi ɗaruruwan shekaru bayan yaƙin, lokacin da an manta da waɗannan mutane. Da wuya marubuci ya ƙirƙiro sunan da babu mai gane shi. Alama ce ta cewa ya samo shi a tsohuwar takarda.

Sheshonk ya sa an sassaƙa sunayen garuruwan da ya ci a bangon haikalin Karnak, kuma an tono guntun dutse mai ɗauke da sunansa a Magiddo. Urushalima ba ta cikin sunayen da ake iya karantawa a bangon yau. Baibul ya ce birnin ya tsira, amma an kwashe dukiyar haikali da garkuwoyin zinariya na Sulaimana, Rehobowam ya maye gurbinsu da na tagulla.