Ranar Da Ogzilari Ya Ƙi Shiga A Bayan Getso

A watan Agustan bara, bayan wani ruwa da ya kwana yana zuba, motar Kawuna ta kafe a wata hanyar gona da ke bayan Getso, cikin Ƙaramar Hukumar Gwarzo. Hilux ce, ɗauke da buhunan taki da 'yan ƙwadago huɗu. Direban ya yi abin da ya saba, ya murɗa ɗan maɓallin da ke gabansa daga H2 zuwa H4, don ogzilari ya shiga, tayoyi huɗu su ja tare. Fitilar ogzilari ta kama ƙiftawa, ta ƙi tsayawa. Tayoyin baya suna ta feshin taɓo suna ƙara nutsewa, na gaba kuwa ko motsi. Sai da aka sauke takin buhu-buhu, aka kawo shanun huɗa da igiya, mutane suka sa kafaɗa, sannan ta fita da la'asar sakaliya.

Washegari aka kai ta wurin wani rewaya a cikin Gwarzo, mutumin kirki da ya daɗe yana yi wa Kawu aiki. Ya murɗa maɓallin sau uku, ya kasa kunne a ƙarƙashin motar, bai ji komai ba. Ya miƙe ya ce, "Alhaji, birenbos ɗin ogzilari ne ya tafi. Sai dai a sayo wani a Kano." Wannan hukunci na minti biyar shi ya ci wa Kawu mako uku da kuɗin da bai yi niyya ba, kuma shi ya sa na zauna na bi diddigin abin da ke cikin wannan 'yar akwati.

Wanda ya girma a yammacin Kano ya san a-kori-kura tun tana Fijo 404, daga baya 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Tayoyin baya kaɗai ke tura ta, idan ta kafe sai turi. Masu hali suka koma Land Rover da Hilux, waɗanda ke da ƙaramin liba a gefen giya. Direba ya ja shi da hannunsa, a tsofaffin ma sai ya sauka ya murɗa makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba. Ƙarfe ne ke tura ƙarfe, ba waya a tsakani. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki tankokin Libiya a hamadar arewacin ƙasarsu da irin waɗannan motoci, har duniya ta laƙaba wa faɗan suna yaƙin Toyota. Sirrin motocin shi ne duk abin da ya lalace, kanike yana ganinsa da ido, yana taɓa shi da hannu.

Da Toyota ta fito da samfurin Hilux na takwas a 2015, sai liban ya ɓace, maɓalli ya maye gurbinsa. Manyan a-kori-kura na Amurka, irin su Ford da Chevrolet, sun riga ta yin haka da shekaru. Yanzu idan direba ya murɗa maɓalli, roƙo kawai ya aika. Saƙon yana zuwa ga 'yar kwamfutar da kanikawa ke kira birenbos, wadda girmanta bai wuce ƙaramin littafi ba. Ita kuma sai ta duba gudun motar, ta duba inda giya take, kafin ta amince. Idan L4 ake so, wanda ke rage gudu ya ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi, ba za ta yarda ba sai mota ta tsaya cak, an taka kuloci ko an sa giya a firi. Da ta amince sai ta tura wuta ga wani ƙaramin injin lantarki da ke manne a akwatin raba ƙarfi, bayan giyabos, ya zura haƙoran da ke haɗa farfelar gaba. Akwai kuma na biyunsa a jikin aksul ɗin gaba. Kowannensu yana da 'yan makunnai da ke mayar da rahoto cewa aiki ya kammala. Sai rahoton ya iso fitila take tsayawa.

Saboda haka ƙiftawar fitila abu ɗaya take faɗa: an ba da umarni, rahoto bai dawo ba. Ba ta ce ga mai laifi ba. A wannan sarƙa akwai fiyus, da maɓalli, da wayoyi, da soket-soket, da injina biyu, da makunnai, da batir, sannan birenbos. Shi birenbos yana zaune a cikin ɗakin mota, nesa da ruwa da laka. Sauran kuwa suna ƙasa, inda duk wani kududdufi na hanyar Kutama ko Lakwaya yake wanke su. A ganina shi ya kamata a tuhuma a ƙarshe, amma shi ake fara kamawa, don shi ne kaɗai abin da ba a iya buɗewa a gane.

An je Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, tafiyar kimanin kilomita 70 daga Gwarzo, aka samo na Beljiyam mai kyau. Aka jona, ogzilari ya shiga da ƙyar sau ɗaya, kowa ya yi hamdala. Kwana uku bayan haka fitila ta koma ƙiftawa, wannan karon har da ƙaurin ƙonewa a ƙarƙashin allon gaba. Kawu ya so ya mayar wa mai shago kayansa, amma mai shagon ba shi da laifi ko kaɗan.

Wani matashi ne a Kano, da bai fi shekara talatin ba, ya warware matsalar. Bai taɓa birenbos ba sai da ya gwada batir da mitarsa, ya ga 12.6 mota a kashe, kusan 14 tana aiki, ya ce nan lafiya. Ya jona sikana a soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996 har ya zama ruwan dare. Lambar da ta fito ta nuna masa layin injin akwatin raba ƙarfi. Ya shiga ƙarƙashi, ya kwance murfin injin, sai ga ruwan laka ya tsiyayo. Ɗan tiyon da injin ke shaƙar iska ta cikinsa ya tsage tun tuni, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama haƙora. Duk lokacin da aka murɗa maɓalli, injin yana ƙoƙarin juyawa ya kasa, sai ya riƙa zuƙar wuta fiye da kima, har ya gasa abin da ke ba shi wutar. Matashin ya ɗago ya ce wa Kawu, "Baba, na farkon ya mutu da gaske, rewayanku bai yi ƙarya ba. Amma wanda ya kashe shi yana nan kwance, shi ya kashe na biyun. Ko goma za a sa, haka zai cinye su."

Na tsaya na kalli yadda ya sa na ukun, kuma aikin ba shi da wani tsafi. Sai da ya sauya injin da tiyonsa, ya wanke soket ɗin da ya yi kore saboda danshi, ya bi wayoyin ɗaya-ɗaya ko ɓera ya taɓa su, domin motar da ke dakon masara da dawa ba ta rabuwa da ɓeraye. Ya cire kan batir na baƙar waya, ya jira 'yan mintuna. Ya ɗora tsohon birenbos kusa da sabon ya karanta lambar da ke jikinsu harafi-harafi, don na mota mai giyar hannu da na otomatik suna iya kama da juna kamar an tsaga kara, alhali ba hali ɗaya gare su ba. Kusoshi biyu ne da soket. Ya mayar da batir, ya goge tsofaffin lambobin kuskure da sikana, sannan ya fita da motar filin ƙasa ya shiga H4 ya fita, ya tsaya ya shiga L4 ya fita, sau da yawa. Ya ce da Chevrolet ce ta Amurka, da sai an ɗura wa sabon birenbos bayanan motar da kwamfuta kafin ya yarda ya yi aiki, wanda shi ma wani kuɗi ne.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne yanzu. Tun daga Janairun 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano ta ƙuntata. Da aka saki darajar naira a Yunin 2023, duk abin da ake sayowa da dala ya yi tashin gwauron zabo. Abin da Ƙofar Ruwa ba ta da shi sai an aika Ladipo a Legas, a jira mota ta kawo. A irin wannan yanayi, gyaran canki-canka, a sayo wannan a gwada, in bai yi ba a sayo wancan, cin dukiyar manomi ne, ko da kuwa ba da mugun nufi aka yi ba.

Ba na ɗora wa rewayan Gwarzo laifi. Ya koyi sana'arsa a zamanin da kwan fitila da guntun waya suka isa a gano matsala, kuma ya iya ta. Motocin ne suka sauya ba tare da kowa ya zo ya sanar da shi ba. Abin da ya rasa bai fi mita mai kyau ba, da sikana, da zanen wayoyin motar, da wanda zai zauna da shi mako biyu ya nuna masa yadda ake karanta su. A jihar Masacusets ta Amurka, sai da aka yi doka a 2012 da ta tilasta wa kamfanonin mota su ba ƙananan gareji irin bayanan da suke ba dillalansu. Mu a nan akwai hukumar NADDC da ke horar da kanikawa a kan motocin zamani, akwai kuma ƙungiyarsu ta NATA. Burina a ga irin wannan horo ya sauka a Gwarzo da Kabo, inda motocin ke shan wahalar gaske a hanyoyin fadama da gonakin da ke kewaye da madatsun Guzu-Guzu da Magaga da Fada. Ko kafin gwamnati ta motsa, kanikawan gari ɗaya za su iya yin karo-karo su sayi sikana guda, a ajiye a hannun wanda aka amince da shi. Yaran da ke koyon aiki a ƙarƙashinsu duk suna riƙe da waya mai intanet, kuma akwai ƙananan na'urori da ke haɗa ta da mota.

Su ma masu motoci suna da nasu kason. Littafin da Toyota ke bayarwa tare da motar ya nemi a riƙa tafiyar aƙalla kilomita 16 a kan ogzilari duk wata, don mai ya zagaya kuma injinan nan su motsa. Mu kuwa sai mu bar shi tun daga kaka har damina ta gaba, wata takwas ba a taɓa shi ba, sannan mu neme shi ranar da muka nutse. Wasu kuma suna manta shi a H4 su hau kwalta zuwa Rimin Gado, alhali irin wannan ogzilari yana ɗaure gaba da baya ne su juya tare, a kan titi mai riƙe taya sai ƙarfen ya murɗe ya ƙi fita. Haka ma sa tayoyin da girmansu ya bambanta gaba da baya, da yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, da fesa ruwa mai ƙarfi kai-tsaye cikin soket a wurin wanki, duk suna jawo matsala.

Yanzu duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, direban Kawu yana fita da motar hanyar bayan gari, ya murɗa maɓallin, ya jira fitilar ta tsaya. Matashin nan ya ƙara wa tiyon tsawo, ya ɗaure bakinsa can sama kusa da inji, inda ruwa ba ya kaiwa. Birenbos biyu da suka ƙone suna nan cikin aljihun gaban motar. Rewayan Gwarzo ya roƙi a ba shi ɗaya, ya ce yana so ya fasa shi ya ga inda wutar ta ci.