Ƙofar da ba ta da mai gadi a ɗakin jarrabawa

Tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, makomar ɗalibin Potiskum ta rataya a kan wayoyin da ke haɗa na'urorin ɗakin jarrabawa. Dukkansu suna taruwa a akwatin da ake kira suwic. Idan aka bar ramukansa a sake, duk wanda ya zare wayar wata kwamfuta ya jona tasa, ya shiga tsarin ke nan.

Maganin wannan shi ne ƙa'idar 802.1X wadda ƙungiyar IEEE ta fitar a 2001. A suwic mai karɓar saiti, ramin yana zama a rufe, ba abin da ke wucewa sai saƙon tantancewa. Kwamfuta ta gabatar da shaidarta, suwic ya miƙa wa sabar RADIUS, ita ce mai yanke hukunci.

Mai saiti yakan fara da shigar da adireshin sabar da kalmar sirrin da ke tsakaninta da suwic, sannan ya kunna tantancewa rami bayan rami, ban da wanda sabar take kai.

Sai dai idan sabar ta mutu, halastattun kwamfutoci ma suna iya rasa hanyar shiga. Don haka tanadin batir ko sola ya zama wajibi kafin ranar jarrabawa.