Makanikan Kyuba da Al'adar Haɗa Inji

A titunan Habana, babban birnin Kyuba, har gobe Chevrolet da Ford da Buick da Plymouth na shekarun 1950 ne ke kai mutane wurin aiki da kasuwa. Baƙo yakan tsaya yana kallon fenti da faɗin bodi, ɗan gari kuwa kunne yake kasawa. Da ya ji ƙara ya san abin da ke ƙarƙashin bonet: injin dizal na Hyundai, ko na Toyota, ko tsohon Perkins na Ingila. Mutanen ƙasar suna kiran irin waɗannan motoci almendrón, kuma an ƙiyasta cewa kimanin 60,000 ne suka rage a tsibirin.

Tilas ce ta haifi wannan al'ada. Kafin juyin juya halin da Fidel Castro ya jagoranta a 1959, Kyuba babbar kasuwa ce ta motocin Amurka. A 1960 Amurka ta hana sayar wa ƙasar yawancin kayayyaki, a 1962 takunkumin ya game kusan komai, kayan gyara suka yanke. Motocin da suka riƙa shigowa daga Tarayyar Sobiyet, Lada da Moskvich da Volga, gwamnati ce ke raba su ga likitoci da jami'ai da ma'aikatan da suka yi fice. A wancan lokaci talaka ba shi da ikon saye ko sayarwa yadda ya ga dama sai a motar da ta riga juyin juya hali shigowa. Saboda haka wanda ya gaji Chevrolet daga mahaifinsa ya gaji dukiyar gida ce gaba ɗaya, kuma barin ta ta mutu daidai yake da rufe hanyar abinci.

Aikin yakan fara ne daga cikin tsohon injin. Silinda ta cinye, fistin na rawa, inji na shan baƙin mai, kuma babu shagon da za a je a ce a kawo na Chevrolet 1955. Sai bakanike ya ɗauki ma'auni ya shiga neman fistin na wata mota mai kusan faɗi ɗaya, sau da yawa ta Sobiyet. Idan an samu, a kai wa mai injin fiƙe ƙarfe. Shi ne zai rarake silinda ko ya dasa mata sabon bututu, ya rage kan fistin don kada ya doki tof silinda, ya daidaita ramin fil ɗin da ke riƙe shi. Kuskuren da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya sa inji ya kama da zarar ya yi zafi, shi ya sa mai fiƙe ƙarfe yake da daraja a unguwa, ana bin sa da lallashi ana jiran layi. Gasket kuwa da hannu ake yankawa: a shimfiɗa takardar a kan ƙarfe, a riƙa bubbuga gefe da ƙaramar guduma har siffar ramukan ta fito. Daga nan kafireta ta Lada ta hau, dainamo na wata mota ya biyo baya, a tayar a saurara.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, mai ya yi wuya ƙwarai, manyan injunan Amurka masu silinda shida da takwas suka fi ƙarfin aljihun masu su. A nan ne sauya inji ɗungurungum zuwa na dizal ya zama ruwan dare. Wannan ma ba ɗauko ka ɗora ba ne. Sai an yanke kujerun injin an yi wa sababbi walda, an ƙera faranti mai kauri da zai haɗa inji da giyabos tunda ramukan kusoshinsu ba su dace ba, an rage ko an ƙara tsawon sandar da ke juya tayoyin baya. Giyar da a da take jikin sitiyari ta sauko ƙasa. Mai hali yakan canza burki ma, domin inji ya canza, nauyi ya canza.

Yawancin wannan aiki a bakin titi ake yin sa ko a ƙofar gida. Maƙwabta na tsaye suna ba da shawara, yaro na miƙa sifana, a haka yake koyo tun bai kai tsawon mota ba. Ba a zubar da ƙarfe, domin abin da ya mutu a motar wani zai tashi a ta wani. Direbobin haya, waɗanda ake kira boteros, suna bin hanyoyi sanannu suna lodi da sauke kamar tasin garuruwanmu, fasinja na nuna inda ya nufa da alamar hannu. Akwai kuma ladabin da kowa ya sani: ba a buga ƙofa. A hankali ake rufe ta, don idan makullin ya lalace sai an ƙera wani.

Masu tara tsofaffin motoci a Amurka da Turai sukan ce an ɓata kayan tarihi. Ban yarda da su ba. Motocin da suka riƙe injinsu na asali suna nan, ana goge su ana yawo da 'yan yawon buɗe ido daga dandalin Parque Central zuwa bakin teku na Malecón, amma waɗanda aka yi wa haɗe-haɗe ne ke kai ma'aikaciyar jinya asibiti da asuba. Abin da ya fi damuna shi ne baƙin hayaƙin da mutanen Habana ke shaƙa, da cika mota da fasinja babu bel, wani lokaci a kan burkin da ya girmi direban.

A 2011 gwamnati ta halatta cinikin mota tsakanin mutane, a farkon 2014 kuma ta buɗe sayen sabuwa ba tare da takardar izini ba. Sai dai an sa wa Peugeot 508 farashin dala 262,000, a lokacin da matsakaicin albashin ma'aikacin gwamnati yake wajen dala 20 a wata. Masu tsofaffin motoci suka ci gaba da kai fistin wurin mai fiƙe ƙarfe.